Hon ɗin Maikano

Tun da kamfanin jigilar siminti ya ɗauke su aiki, Mahfuz da sauran sababbin direbobi ba su taɓa sitiyari ba. Dokar kamfani ce: sabon direba ba ya karɓar makulli sai mai horo ya zo daga Yamai ya yi tafiya da shi. Kullum sai su shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, cikin filin ajiye motoci na Malbaza, suna shayi, idonsu na kan ƙofa. A buro, wato ofishin kamfani, amsa ɗaya ce, mai horon yana hanya.

"Wanga mutum bisa jaki yake tahowa," in ji Sharifu, mafi surutu a cikinsu.

Aka yi dariya, ban da Mahfuz. Hankalinsa na Dogarawa, wurin mahaifinsa Maikano. Tsohon ya yi zamaninsa a tuƙin manyan motoci, kuma yana da busar hon tasa ta kansa, gajeru biyu sannan doguwa mai lanƙwasa. Da an ji ta a gari, an san Maikano ya dawo. Yanzu idanunsa sun tafi, jiki ya yi rauni. Ranar da aka ɗauki Mahfuz, abu guda ya roƙa: ya ji wannan busa daga hannun ɗansa. Tun daga nan kowace safiya sai an kai masa tabarma bakin titi.

Wata hantsi ƙanwarsa Zalika ta kira shi.

"Yaya, Baba ya bar cin abinci. Ko hura sai da lallashi. In mota ta wuce sai ya ɗaga kai, ya mayar."

Mahfuz ya daɗe yana kallon jerin motocin da ke tsaye. Ga su nan, ga permi, takardar izinin tuƙi, a aljihunsa, Dogarawa kuma ba nisa. Amma wanda ya tada mota ba izini, a ranar zai koma gida.

Alamin, tsohon direban kamfanin da ke shirin fita da lodi, ya ga fuskarsa ya tambaya. Da ya ji, sai ya ce, "Ai ta Dogarawa zan bi. Koya mini busar, in yi mai. Tunda ba ya gani, ina zai sani?"

Mahfuz ya matso kusa da shi. Sannan ya rera masa da baki, ya sake, har Alamin ya kama.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Ya ɗauka da sauri. Zalika ce, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ga Baba."

"Mahfuz," muryar ta fito da ƙarfin da ya daɗe bai ji ba. "Wa ka aiko mini?"

"Baba, ai..."

"Kar ka ce komai. Ya zo da gudu, ya danna, ya wuce kamar ana bin shi. Ba haka na koya maka ba. Ana rage wuta tun daga gada, a bar mota ta yi numfashi, sannan a gaida gari. Ka gode mai, ya yi ƙoƙari. Amma kar ka sake aiko mini da hannun wani."

"Na ji, Baba. Mai horon ne bai iso ba."

"To ka jira shi. Ni ma ina nan."

Zalika ta karɓi wayar. "Faɗa ya sa shi yunwa. Ya ce a kawo tuwo, kuma gobe a fitar da tabarma da wuri."

Mahfuz ya koma gindin dogon yaro. Sharifu ya miƙo masa shayi yana cewa, "Mahfuz, wa ya taɓa ka?" Mahfuz ya karɓi kofin. Ya gyara zama ya fuskanci ƙofa, tafin hannunsa na danna gwiwarsa a hankali, gajeru biyu, sannan doguwa.