Hoton Kantin Kawu

'Yar Rahoto tana kotu tana ɗaukar bayanin wata shari'ar fili, wayarta ta dinga ɓari a jaka. Sai da aka tashi ta duba. Ummanta ce ta turo mata hoto, ba sallama ba gaisuwa, sai tambaya ɗaya: "Ku ne kuka yi wannan?"

Su ne kuwa. Shafin intanet na jaridar da take wa aiki ne, da kanun labari ɓaro-ɓaro: AN KAMA MAI SAYAR DA JABUN MAGUNGUNA. A ƙasa ga Kawu, ƙanin Umma, tsaye a ƙofar kantin maganinsa yana washe baki. Wanda aka kama wani ne daban, can wata unguwa. Kawu ko hanyar ofishin 'yan sanda bai sani ba.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ta ɗauki hoton. Farkon zuwanta aiki Edita ya ce ma'ajiyar hotunansu wayam take, a fita a ɗauko komai, asibiti, kasuwa, famfon unguwa. Ta nufi wurin Kawu, wanda ya riƙe ta tun tana firamare, shi ne ma ya laƙaba mata 'Yar Rahoto saboda kai ƙara. Ya goge kantar shagon, ya sa sabuwar riga, ya tsaya mata. Ta ajiye hoton da sunan "kantin magani". Yau labari ya zo ba hoto, wani gwanin ya buɗe ma'ajiya, ya ga kantin magani, ya manna. Ko duba fuskar da ke ciki bai yi ba.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela, da fanka mai kukan tsiya da kwamfutocin da sai an lallaɓa su. Ta tarar da Edita ya tasa allon da ke nuna yawan masu karatu a gaba, bakinsa har kunne.

"Yallaɓai, ka ga abin da aka yi?"

"Na gani, an ma gyara. Duba." Ya juyo mata da allon. An cire Kawu, an sa hoton ƙwayoyin magani a faranti.

Haka suke yi a gidan. In an yi kwaɓa sai a lallaɓa a sauya a ɓoye, a yi kamar ba a yi ba, wai su a dole ba sa kuskure.

"Wane gyara? Mutane sun riga sun ɗauki hoton shafin, yana yawo waya-waya. Har Ummata ta samu, matar da ba ta karanta jarida! A rubuta gyara a saman shafi, a ce ba shi ba ne, a ba shi haƙuri."

"Haƙuri?" Ya yi dariya. "Ke yarinya ce. Ranar da muka rubuta mun yi kuskure, ranar lauyoyi za su yi layi a matakalar nan. Kwana biyu kowa ya manta."

"Kawuna ne, Yallaɓai."

"To kin ga ma abin ya zo da sauƙi, na gida ne. Je ki lallashe shi." Ya rage murya. "Wata mai kamawa ke zan ba kujerar editar shafi. Kada ki zubar da abin da kika sha rana kika tara saboda hoto ɗaya."

Kujerar nan ita take mafarki tun tana bin motar kwashe shara da abin naɗar murya. Ta so ta, ba ƙarya. Amma ta dubi mutumin nan da ya shafa wa bawan Allah kashin kaji yake kuma murnar yawan 'yan kallo, ta juya masa baya. Ta koma teburinta ta cika ta yi fam. Da Edita ya sauka shan iska, ta shiga shafin da mabuɗinta na sirri, ta rubuta layi kaɗan: mutumin da ke hoton ba shi da hannu, kuskuren jarida ne, muna ba shi haƙuri. Ta sa sunanta, ta kafe shi a sama, ta ɗauki jakarta.

Tana cikin mota saƙonsa ya shigo. An rufe mabuɗinta, kuma kada ta sake tako masa matakala. Ta ja tsakin da ya sa na kusa da ita ya waiwayo.

Kantin Kawu da yamma yakan cika da iyaye mata da masu karɓar maganin hawan jini. Yau shi kaɗai ne, yana ta jera kwalaben da ke jere. Wani ya rubuta ƁARAWO da gawayi a jikin bango, an goge, amma ana iya karantawa.

"Kawu, sannu da..."

"Tsohuwar da ke karɓar maganin sukari ta dawo min da shi ɗazu," ya ce, bai dube ta ba. "Ta ce in ji tsoron Allah. Ni!" Ya buga kantar shagon da tafin hannu. "Ni na sa riga na tsaya miki, 'Yar Rahoto!"

"Na gyara, Kawu. Wallahi na gyara, har aikin ya tafi a kai. Ga shi ka gani."

Ya sa tabarau ya matso. Ta buɗe shafin, ta danna, ta sake dannawa. Inda gyaran yake, yanzu tallar katifa ce. Labarin jabun magani kuwa yana nan daram, shi ne kan gaba a waɗanda aka fi karantawa.

"Ina yake?"

"Ya cire. Amma na rantse maka na rubuta."

Kawu ya cire tabarau ya naɗe.

"Na yarda kin rubuta, 'yata," ya ce. "To ai ni na san ban yi ba. Ba ni ke bukatar karantawa ba."