Sura ta Ƙarshe a Ɗakin Baba Direba

"Ku daina yi mini wayo," in ji Baba Direba. "Wannan surar mun karanta ta makon jiya."

Ba wanda ya ɗago kai. Dattijo, mai jagorantar nazarinmu, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce ai surar tana da nauyi, gara a sake bin ta a hankali. Mama Tela ta yi wuf ta ce ita ma ba ta gane rabinta ba. Matar da ta fi kowa kai a cikinmu.

Ni ina bakin gadonsa, Littafi Mai Tsarki a cinyata. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasa. Tun da idonsa ya yi hazo nake shigowa in karanta masa rabon mako, ranar Laraba kuma ƙungiya ta taru a zauna a zagaye, kowa ya ɗauki aya ɗaya ya bar wa na kusa da shi. In an zo kansa, ni zan faɗa, shi ya maimaita. Tun farkon shekara muka yi alkawari cewa sura ta ƙarshe ba mai taɓa ta shi kaɗai. Tare aka buɗe, tare za a rufe.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai muka dawo da taron ɗakinsa. 'Yarsa, wadda nake kira Yaya, ta bar aikinta ta zo jinya. Asibiti sun sallame shi da magunguna, ba su ce a dawo ba. Yaya ta so kai shi wani asibitin, ya ƙi. Ya ce bai taɓa sauke fasinja a tsakiyar hanya ba, in an gama Littafin shi ma ya iso tasha.

Wannan maganar ce ta tsorata kowa. Ina shanya, ta bayan katanga na ji Yaya tana roƙon Dattijo a bakin famfo, wai su ja karatun, muddin akwai saura ba zai tafi ba. Dattijo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma daga nan muka fara maimaita surori.

Ranar ɗakin ya yi zafi, ga warin magani da wani wari a ƙarƙashinsa da ban san sunansa ba. Ƙafafun Baba sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Numfashinsa kamar ana jan kujera a kan siminti. Yana magana da mu, amma idonsa na kan kusurwar da ke bayan ƙofa, inda babu komai sai tsintsiya.

"Dattijo," ya ce, "a tuƙi na tsufa. Ko ido rufe na san in mota tana zagaya wuri ɗaya."

"Kai da ba ka taɓa kai mutum a kan lokaci ba, yau kake sauri?" in ji Mama Tela.

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari. Yaya ta tara masa hankici, ta duba, ta dunƙule shi a hannu ba ta bari mun gani ba.

Da ya lafa sai ya lalubo hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau a cikin wannan zafin.

"'Yar maƙwabta, ke ba ki iya ƙarya ba. Saura nawa?"

Ni ko a ajinmu na sakandare ba na ɗaga hannu. Na ji idon Yaya a kaina. Na dubi Dattijo, shi kuma yana duban ƙasa.

"Ɗaya, Baba."

"To buɗe."

Yaya ta ce ya yi haƙuri, ya gaji yau, a bari sai Laraba mai zuwa. Ya girgiza kai a kan matashi.

"Uwata, ba Littafin ke riƙe da ni ba. Ni nake riƙe da shi, kuma hannuna ya gaji. In kun ƙara mako, ba da ni za ku rufe ba."

Ta miƙe ta je ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba mu baya.

Na juya shafi. Takardar sai mannewa take yi a yatsuna saboda gumi. Na karanta aya ta farko da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji, ya maimaita. Aya ta biyu ta Mama Tela ce. Ta daɗe tana kallon shafin, har na ɗauka ba za ta karɓa ba. Sai ta ja numfashi ta karanta. Dattijo ya mai da tabarau ya ɗauki tasa, sauran suka bi.

Duk zagayen da ya dawo kansa, muryarsa ta ƙara yin ƙasa. Sai na riƙa gutsura masa ayar, kalma biyu, kalma uku, in jira. A tsakiyar wata kalma ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ba wanda ya motsa. Wani ƙuda ya sauka a goshinsa, na kore shi. Can ya ƙarasa kalmar.

Ban san lokacin da Yaya ta dawo ba, sai ganin ta na yi durƙushe ta ɗaya gefen gadon. Ba ta cikin ƙungiyarmu, amma da aka zo wurinta Dattijo ya miƙa mata Littafinsa, ta karanta.

Aya ta ƙarshe a kan Mama Tela ta faɗo. Ta rufe Littafinta.

"Taka ce, direba."

Na sa bakina kusa da kunnensa na faɗa. Leɓensa suna motsi, sauti kaɗan ke fita, amma bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Da ya ce amin, mu ba mu iya cewa ba. Duk ƙirjinsa muke kallo. Ya sauka. Ya daɗe. Ya taso.

"Me kuke kallo?" ya ce. "A ba ni ruwa."

Mama Tela ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi. Ya sha kurɓi biyu, ya ce a buɗe taga. Bai ƙara kallon bayan ƙofa ba.

Ranar Juma'a da hantsi ina wanke kwanoni na ji butar Yaya tana fito a kan risho. Ta yi ta fito, ta yi ta fito, ba a sauke ta ba. Mamata ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta ɗaura ɗankwali, ta nufi gidan Baba.

Bayan an binne shi, Yaya ta fito da katifarsa ta shimfiɗa a tsakar gida ta sha rana. Tsakiyarta ta lotsa daidai tsawonsa. Wata kaza ta hau, ta zagaya, ta kwanta a cikin lotsawar ta lumshe ido.