Ragon Sunan da Liti Ya Kai Karaye

Ana jibi suna, da sassafe, Liti ya kwance ragon daga turke. Matarsa Rumasa'u tana ɗaki da jaririnta, ta ji kukan dabbar ta ɗaga labule. Ita ta yi kiwonsa tun da cikin ya fito, da dusa da ƙasari da harawar da take tsintowa a gonakin Falgore, don kada ranar sunan ɗanta na fari a ce an yi rance ko an yi kame-kame.

"Malam, ina za ka kai shi?"

"Juya shi zan yi," in ji Liti. "Gobe war haka za ki ga wanda ya fi shi a turken nan, har da canji."

Ta saki labulen. Ba yarda ta yi ba, shi ma ya san ba ta yarda ba.

Liti mahauci ne, gadonsa ne, kuma akwai abu ɗaya da ya riƙe kamar karatun sallah: duk inda aka buga ganga, nama ba ya kwantai. Ya ga haka a filin dambe, ya gani a kokawa da wasan Sallah. Shi ya sa da wani saurayi mai suna Mu'az ya tare shi a kasuwar Rogo ya ce za su yi gagarumin biki a Karaye, gasar gem da rana, mawaƙa da yamma, samari daga ko'ina, sai Liti ya ji kalmar biki kawai ya bar sauran. Bai tambayi mene ne gem ba. Mutumin da ya shekara yana gasa nama ba ya son a ga kamar akwai taron da bai sani ba.

Ya yanka, ya feɗe, ya ɗaure naman a bayan babur ya kama hanya. Bazara ce, rana ta fito da fushinta. Kafin hantsi ya isa wani fili mai katanga a Unguwar Hajji, ya kafa rabin duro da wayar gashi kusa da babbar rumfa, ya hura wuta, ya ɗora kaɗan. Sauran ya rufe da takarda a cikin daro, don nama mai zafi ake so, ba wanda ya gaji da jira ba.

Jama'a kuwa sun zo, Mu'az bai yi ƙarya ba. Sai dai irin wannan taro Liti bai taɓa gani ba. An jera talabijin a ƙarƙashin rumfar, samari biyu-biyu a gaban kowace, kowa riƙe da wani abu mai maɓallai da suke kira hannu, suna danne-danne, 'yan ƙwallo na gudu a cikin gilashi. Na baya sun yi cincirindo suna ihu. Ba mai waiwaye. Ƙanshin balangu ya bi ta kansu ya wuce kamar ba hanci gare su ba.

Can wani dogo ya zo ya sayi yanka kaɗan, ya ci a tsaye, ya koma layi. Da aka zo kansa, mai kula da kayan ya ce ya buɗe tafinsa. Ya ga maiƙo da yaji, ya ce a'a, hayar hannayen nan aka yi daga Kano, ba mai taɓa su da yatsun nama. Aka tsallake shi, ya fita daga gasar yana zage-zage. Shi ke nan, labari ya zagaye rumfar. Kowa ya shiga kewaye Liti kamar mai ciwon ido.

Ba a jima ba Mu'az ya zo da kansa, yana share gumi.

"Baba mai nama, don Allah a yi haƙuri. Hayaƙinka yana shiga rumfa, ba sa ganin ƙwallo. Ka koma bayan katanga."

"Kai ka ce in zo, ɗan nan."

"Na ce ka zo, ban ce ka zo da rago guda ba. Ka jira mawaƙa, bayan la'asar za ka ga ciniki."

Bayan katanga nan janareta yake, ba inuwa, sai zafi da warin man dizal. Liti ya sake hura wuta a can. Naman da ya gasa tun safe ya yi ta juya shi har ya bushe ya zama kamar fatar takalmi. Ya so ya gasa sauran ya huta, sai ya duba itacensa, ba zai kai ba, don na rabin yini ya ɗauko. Ya zauna a kan dutse yana korar ƙuda. Mai ruwan leda da mai lemon kwalba kuwa har sun aika a ƙaro musu kaya.

Da aka idar da la'asar lasifika ta ɗauka, ƙasa har rawa take. Gasa ta ƙare, an tattara hannaye, yunwa ta tuna da kowa. Sai ga su sun zagayo bayan katanga, samari da 'yan mata, suna miƙo kuɗi.

"Mai nama, sa mana mai zafi!"

Liti ya ɗaga takardar daron. Bai ma sunkuya ba warin ya same shi. Naman ya yi kore-kore a gaɓoɓi, ya yi yauƙi. Ya san dabarar, kowane mahauci ya sani: a yi masa wanka da yaji da albasa, a ƙona shi sosai, kafin cikin mutum ya murɗa mai nama ya kai gida. Har ya ɗebo yajin a tafinsa. Ya dubi wata yarinya da ke gaba, goye da ƙaninta, tana lasar leɓe. Ya mayar da yajin cikin gwangwani.

"Ya ƙare," in ji shi.

Suka watse suna tsaki. A hanyar komawa ya tsaya a bakin wani kwazazzabo ya juye daron.

Rumasa'u ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Washegari ya zaga 'yan'uwansa mahauta neman rance, kowa ya jajanta masa, kowa ya nuna masa tafin hannu. Ya wuni yana tsara yadda zai tsaya gaban liman ya ce babu.

Ranar suna, mutane sun cika ƙofar gida ana raba goro, sai ga surukinsa Malam Ƙasimu ya taho daga Beli a ƙasa, janye da ɗan rago ramamme, wanda kowa ya san shi tsohon ya ajiye don layya, ba shi da wani. Bai dubi Liti ba. Ya miƙa wa liman igiyar ya ce, "Ga ragon Liti, jiya ya bar shi a wurina."

Aka yanka, aka raɗa suna, aka shafa fatiha. Mutane suka taso suna ba Liti hannu, suna cewa Allah Ya raya, ya yi ƙoƙari a wannan marra. Sannan aka miƙo masa wuƙa ya feɗe, tun da shi ne mahaucin unguwa. Ya durƙusa, tsohon yana zaune a tabarma kusa da shi yana jan carbi. Liti bai kai ga cinya ba ya huda fatar, abin da bai taɓa faruwa da shi ba.