Wayar da Baba ya binne

Mai haƙa ya jingina digarsa da bango ya ce shi kam ba zai sari ƙasa ba sai an nuna masa inda wayar ta bi. Auta ta dubi tsakar gidan. Ko'ina ƙasa ce iri ɗaya, ga igiyar shanya, ga tsohuwar taya da kaji ke shan ruwa a ciki.

Rami ake so a haƙa na sabon banɗaki kusa da ɗakin Baba, don ƙafarsa ta daina kai shi na can baya. Amma a ƙarƙashin tsakar gidan akwai wayar wuta mai kauri, wadda ta tashi daga mita ta tafi shagon ɗinkin Umma. Baba ne ya binne ta da hannunsa tun yana aikin lantarki, kafin mantuwa ta kama shi. In diga ta same ta, ko mai haƙa ya tafi lahira, ko kekunan Umma su tsaya.

"Miƙewa ta yi, daga nan zuwa can," in ji Yaya, yana nuni da makullin mota.

"Kai da kake makarantar kwana lokacin?" Umma ta ce daga bakin shago. "Ta bayan famfo ta zaga. Ko kuwa bututun ruwa ne ya zaga? Auta, je ki tambayi babanku, ke yake saurara."

Ta same shi a kujerarsa yana murza makunnin rediyo. Ta durƙusa.

"Baba, wayar shagon Umma, ta ina ta bi?"

"Wace iri?" Idonsa ya yi haske. "Mai sulken ƙarfe? Ita ake binnewa, ko babbar mota ta taka ba ruwanta. In mai jijiya ɗaya ce, sulken alminiyum za ki sa, na ƙarfe zafi yake ɗauka. Kada ki yarda su ba ki mai roba, wannan ta injin walda ce, jan ta ake yi a ƙasa kamar akuya."

"To Baba, ita tamu fa?"

Ya miƙe ya dafa kafaɗarta, suka fito. Ya ja sandarsa a ƙasa daga famfo zuwa ƙofa. "Nan. Ta shiga ɗakin tiyata. Wadda wuta ba ta ci muka sa musu."

Ya juya ya ja wani layin ta gindin bango, ya ce wannan ta injin niƙa ce, ɓeraye sun dame su shi ya sa aka naɗe ta da fallen ƙarfe. Layi na uku ya ratsa ta tsakiyar kwanon kaji. Sai a nan Auta ta gane ba a tsakar gidansu yake tafiya ba, a wuraren da ya taɓa yin aiki yake.

"Oga, yanzu wanne zan bi?" mai haƙa ya tambayi Yaya. "Ni fa matata ba ta shirya takaba ba."

Yaya ya sosa ƙeya. Umma ta koma ciki. Auta, wadda ko a wayar salula ba ta iya ɗaga murya, ta je ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, ta ce a ajiye diga, a bi da shebur a hankali, a inda babu layi ko ɗaya.

Ramin bai kai gwiwa ba shebur ya ƙwanƙwasa wani abu. Mai haƙa ya sa hannu ya share. Jajayen bulo ne a jere, kai da kai. Ya ɗaga ɗaya, sai ga yashi mai laushi, a cikinsa baƙar waya kamar damtsen yaro, ko ƙwarzane babu. A tsakiyar inda za a yi banɗakin take.

"Sai dai a matsa gefe," in ji mai haƙa, yana goge gumi.

Baba ya sunkuya a kan sandarsa ya daɗe yana kallon cikin ramin.

"Yashi sama da ƙasa, sannan bulo," ya ce. "Yanzu ba sa yin haka. 'Yan mata, wa ya yi muku wannan aikin?"

"Kai ne, Baba."

Ya yi 'yar dariya ya girgiza kai. "A'a. Ki dai nemo min shi, ina da aiki a asibiti da zan ba shi."