Makullin Umma Kashi Uku

Shekara biyu Injiniya ta yi tana gina manhajar shaidar mutum wadda ba mai leƙa sirrin wani, har ita da ta gina. Ga shi yau abin ya tashi a kanta. Wayar Umma, mahaifiyarta, ta faɗa bokitin wanki, ranar Alhamis kuma za a yi mata aikin ido, asibiti sun ce sai da shaidar za su buɗe fayil.

Dabarar ba wuya. Makullin kowa an raba shi uku, an damƙa wa amintattu uku. In waya ta lalace, biyu su haɗa wayoyinsu fuska da fuska, makulli ya dawo.

"Umma, su wa kika ba?"

"Babanku, Allah ya ji ƙansa. Sai Yayanku da Auta."

Injiniya ta dafe kai. Yaya da Auta! Shekara shida ko gaisuwa ba ta haɗa su, tun rigimar shagon Baba.

"Haba Umma! Duk duniya ki rasa wa za ki zaɓa?"

"Ke kika ce in zaɓi waɗanda ba za su haɗa baki su cuce ni ba. To waɗannan har abada ba za su haɗa ba."

Takaici ya ishe ta, don kuwa maganarta ce, da hannunta ta rubuta ta a shafin farko na manhajar.

Ta kira Yaya, ya ce ta zo ta karɓi wayarsa. Ta ce sai da yatsansa take aiki. Ta kira Auta, ya ce, "Ba ke kika gina ba? Ki bi ta baya mana." Ta ce babu ƙofar baya, ita ta toshe, har tafi aka yi mata a ofis. Ya yi tsaki ya kashe.

Ranar Laraba da la'asar ta jawo su falon Umma kamar masu zuwa cire haƙori. Yaya ya tsaya yana kallon labule, Auta yana kallon fanka. Suka miƙo wayoyi daga nesa.

Injiniya ta ce, "Ku matso! Wallahi na gaji da ku. Taku ɗaya ne kawai tsakaninku!"

Suka matso. Manhaja ta ƙi karantawa. Aka sake, ta ƙi.

Yaya ya ce da Injiniya, "Ki gaya masa ya tsayar da hannunsa, rawa yake yi."

Auta ya ce, "Ba nawa ba ne, Yaya. Naka ne."

Auta ya kai ɗayan hannunsa ya riƙe wuyan hannun Yaya. Wayoyin suka yi ƙara, makulli ya dawo.

Umma ta juyo da fuska wajen da muryoyin suke, tana ƙifta idon da ba ya gani.

"Injiniya, su biyun ne a ɗakin nan? Ku dakata, kada kowa ya tafi. Ku dawo jibi ku sake tsayawa haka, in an kwance min bandeji."