Ranar da Aka Wanke Kawu Osgar

Kawuna Osgar mai kiwon aladu bai yarda da wanka ba. Ya ce ruwa na kifi ne. Haka ma sauran mazan ƙauyenmu, har Denawa suka zo da jiragensu na ruwa daga arewa, suka gaji da yaƙi, suka kafa gidaje a tsallaken rafi. Su kuwa duk Asabar sai sun yi wanka sun taje gemu.

Wata rana matarsa Winfila ta dawo daga kasuwa ta ce, "Maigida, ka ga gemun Ketil Badene kuwa? Sai sheƙi yake."

Kawu ya ɗauki mashi ya ce yau za a san namiji. Yana tsakiyar gungumen da muke tsallaka rafi a kai, santsi ya kwashe shi ya faɗa rafin, mashin ya bi ruwa. Ranar kuwa Asabar ce, Ketil da 'yan'uwansa na cikin rafin.

"Sannu da zuwa, maƙwabci," in ji Ketil. "Mun daɗe muna jiranka, iska kullum daga wajenku take busowa."

"Yaƙi na zo yi."

"To, bari mu gama tukuna."

Suka danne shi da sabulu. Matsefin ƙashi ya karye a gemunsa, suka ɗauko wani. A ciki suka tsinci wani ƙaramin cokali da ya ɓata tun bara. Suka yi masa kitso a gemun, suka ara masa riga.

Da ya koma gida aladunsa suka shinshine shi suka watse daji. Winfila ta fito, ta rusuna.

"Shigo, baƙo. Maigidan ba ya nan, shi ya sa ka ji gidan ba wari."

Ta kawo masa giyar sha'ir da cukun da take ɓoyewa. Ta zauna tana ba shi labarin mijinta: minshari, rowa, ga kwana da takalmi. Kawu yana ci yana gyaɗa kai, don bai taɓa ganin cuku mai yawa haka a gabansa ba. Sai da ta ce har aladun sun fi mijin hankali ya kasa daurewa.

"Ai mutumin yana ƙoƙari," ya ce.

Ta ƙura masa ido, ta janye akushin.

"Osgar, tashi ka nemo aladun nan."