Abin da Ya Tsiro a Bayan Ɗakin Malam Sanda

Malam Sanda malamin allo ne a Rafin Guza. Shekara da shekaru yana haɗa wa mutanen unguwa habbatussauda da zuma, kyauta, saboda hadisin da ya zo a kanta. Da farkon damina wani ɗan kasuwa, Bawa, ya kawo masa kwano uku na habbatussauda sadaka. Bai ko tauna ba, ya ba da aka daka, aka ci gaba da rabo.

Wajen sheƙewa, kaɗan ta zube a bayan ɗaki. Ruwa ya yi ta sauka a kai. Bayan wata guda matarsa Na'ima ta kira shi.

"Malam, zo ka ga."

Ganye ne sirara, sun tsaya cirko-cirko. Ta tsinko ɗaya, ta murza, ta miƙa masa. Ya kai hanci, ya sake kaiwa.

"Albasa ce," in ji ta.

"Innalillahi! A nan kika sheƙe ta?"

"A nan, da hannuna."

Ya ɗebo ragowar ƙwayar ya tauna. Babu ɗacin nan mai yaji da ya sani. Irin albasa ne, baƙi wuluk, kamarsu ɗaya da habbatussauda. Ya zauna a bakin rijiya.

Da aka idar da la'asar ya miƙe a masallaci ya faɗi komai. Daga nan shi da Na'ima suka bi gidajen matan da ya aika wa maganin. A gida na huɗu ya sami Hajiya Safiyya, tsohuwar ma'aikaciyar sakatariya, kwance a falo, ƙafafunta sun kumbura.

"Ai tunda na fara shan naka na ajiye maganin hawan jinin, Malam."

"Kika ajiye? Wa ya ce ki ajiye, Hajiya?"

"Na ɗauka ya wadatar."

Da kansa ya tare keken a-daidaita, shi da Na'ima suka kai ta asibiti. Nas ta gwada jinin, ta dubi Hajiya, ta sake gwadawa, sannan ta fita da sauri kiran likita.

Kwana shida Hajiya ta yi a gado kafin a sallame ta. Shi kuwa Bawa, da Malam ya nuna masa ganyen, sai ya dafe kai, ya ce su ma abin da suke sha ke nan a gidansa.